NAZARI A KAN HARAFIN SINANCI 好: GININSA DA RUBUTA SHI DA AIKI DA SHI

1. Gabatarwa

Mutumin da ya saba da boko ko da ajami, in ya ɗora ido a kan rubutun Sinanci karo na farko, abin da ya kan ce shi ne wannan ai zane ne. Ya kan ɗauka kowane harafi hoto ne da a ke kwaikwaya yadda hannu ya ga dama, kuma sai wanda aka haifa a can ne zai iya riƙe dubbansu a ka. Wannan zato ya kan karya zuciyar ɗalibi tun bai fara ba. Ga shi kuwa rubutun nan ya daina zama baƙo gare mu: muna ganinsa a jikin kwalaye a kasuwannin Maraɗi da Yamai, ƴan kasuwarmu suna zuwa saro kaya birnin Kanton, kuma tun daga 2011 akwai matatar man fetur kusa da Damagaram wadda aka gina tare da Sinawa.

A cikin wannan ɗan nazari za mu ɗauki harafi guda ɗaya tak, watau 好, mu warware shi. Mun zaɓe shi domin yana cikin haruffan da aka fi yawan aiki da su, shi ne kuma rabin gaisuwar nan 你好 (nǐ hǎo) wadda kowane mai koyo ya ke farawa da ita. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, sanin harafin Sinanci sanin abu huɗu ne tare: sassan da aka gina shi da su, da jerin layukansa, da sautinsa, da aikinsa cikin jimla. Wanda ya riƙe ɗaya ya bar sauran bai san harafin ba tukuna.

2. Abin da mu ke nufi da harafi

Sinawa suna kiran waɗannan alamomi 汉字 (hànzì). Mun kira su haruffa ne don rashin wata kalma da ta fi kusa, amma tilas ne mai karatu ya lura da bambanci. A boko harafi yana wakiltar sauti, ba shi da ma'ana shi kaɗai. Sai an haɗa k da y da a da u sa'an nan a sami "kyau". A Sinanci kuwa kowane harafi yana wakiltar gaɓa guda cikakkiya, kuma galibi gaɓar tana ɗauke da ma'ana. Harafin 好 gaɓa ce, hao, kuma ma'anarsa "mai kyau".

Saboda haka ne haruffan suka yi yawa. Ƙamusun da aka kammala a 1716 bisa umarnin Sarki Kangxi ya tara haruffa fiye da 47,000. Amma mafi yawansu ba mai bukatarsu sai masu binciken tsofaffin littattafai. Jerin da hukumar ƙasar Sin ta fitar a 2013 yana da haruffa 8,105, kuma 3,500 daga ciki ne aka sa a mataki na farko, su ne na yau da kullum. A dokar yaƙi da jahilci ta 1988 an ƙayyade cewa manomi ya fita daga jahilci in ya san haruffa 1,500, ma'aikaci da mazaunin birni kuwa 2,000.

Domin nuna lafazi ana aiki da wata hanya ta rubuta Sinanci da haruffan boko, mai suna pinyin, wadda aka amince da ita a 1958. Ita ce mu ke sawa cikin baka bayan kowane misali. Lafazin da ta ke nunawa shi ne na daidaitaccen Sinanci, wanda aka gina bisa karin mutanen birnin Bejin.

3. Sassan harafin

3.1. In aka dubi 好 da kyau za a ga gida biyu ne a jere. Na hagu shi ne 女 (nǚ), "mace". Na dama shi ne 子 (zǐ), "ɗa" ko "yaro". Kowannensu harafi ne mai zaman kansa, kuma kowannensu ya samo asali daga hoto. A rubutun da ya fi kowanne tsufa, wanda aka kankare a jikin allon kafaɗar shanu da ƙoƙon kunkuru don duba a zamanin daular Shang, kimanin shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, 女 mutum ne a durƙushe, hannuwa harɗe a gaba. 子 kuwa jariri ne mai babban kai, hannuwa a buɗe, ƙafafu a naɗe cikin zane. A wancan zamani ma ba a tsayar da wurin kowanne ba: wani lokaci macen tana hagu, wani lokaci tana dama. Shekaru fiye da dubu uku na rubutu ne suka miƙar da layukan, har hoton ya ɓace, sai tsarin ya saura.

3.2. Malamai su kan gaya wa ɗalibai cewa mace da ɗanta abu ne mai kyau, shi ya sa 好 ke nufin kyau. Wannan bayani yana taimakon tunawa, amma ya kamata a riƙe shi da hankali. Ƙamusun Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya rubuta wajajen shekara ta 100 Miladiyya ya kuma tara haruffa 9,353 a ciki, ya fassara 好 da kyan sura. Daga nan ne ma'anar ta faɗaɗa ta kai ga kyan hali da kyan kowane abu, kamar dai yadda "kyau" ta Hausa ta ke ɗaukar kyan fuska da kyan aiki.

Akwai kuma wata shaida da ta fi wannan tsufa. A 1976 aka tono kabarin Fu Hao (妇好) a Anyang. Ita matar Sarki Wu Ding ce ta daular Shang, kuma ta jagoranci mayaƙa. An sami kabarin ba a taɓa shi ba, da kayan tagulla ɗaruruwa da wuri kusan 7,000, kuma sunanta yana jikin da yawa daga cikin kayan tagullar. Masana da dama suna ganin a wannan suna harafin ba ya nufin kyau ko kaɗan: sunan zuriyarta ne, 子, aka ƙara masa 女 don a nuna mace ce. Ke nan labarin uwa da ɗa ba shi ne dukan tarihin harafin ba.

3.3. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne ɗalibi ya zaci duk haruffa haka a ke karanta su, ma'ana a kan ma'ana. Irin su 好 da 休 (xiū, mutum a jikin itace, "hutu") kaɗan ne. Fiye da kashi 80 cikin 100 na haruffa an gina su ne da sashe ɗaya mai nuna fannin ma'ana, da wani mai nuna sauti. Alal misali 妈 (mā), "uwa": a hagu akwai 女, a dama akwai 马 (mǎ), "doki". Babu ruwan uwa da doki. An ɗauko dokin ne don sautinsa kawai.

3.4. Sashen da a ke jera harafi a ƙarƙashinsa cikin ƙamus za mu kira shi mabuɗi. Ƙamusun Kangxi yana da mabuɗai 214, kuma 女 shi ne na 38. Mai neman 好 alhali bai san lafazinsa ba sai ya buɗe babin 女, ya ƙirga layukan da suka saura, watau uku na 子, ya duba cikin masu saura uku. A nan zai same shi.

4. Yadda a ke rubuta shi

4.1. Da layi muna nufin duk abin da alƙalami ya ja daga saukarsa a kan takarda zuwa ɗaga shi, ko da ya lanƙwasa a hanya. Harafin 好 yana da layi shida, uku a kowane gida. Yaran Sin suna koyo ne a cikin littafi mai murabba'ai, kowane murabba'i an raba shi huɗu da gicciye, kamar siffar harafin 田, "gona". Kowane harafi, mai layi ɗaya ne ko mai talatin, murabba'i ɗaya ne rabonsa. Ga jerin layukan:

(1) A fara daga sama a ɓangaren hagu, a gangaro a karkace zuwa hagu, sa'an nan ba tare da ɗaga alƙalami ba a juya a gangara zuwa dama. Siffar tana kama da gwiwar hannu a lanƙwashe.

(2) A koma sama, dama da na farko, a gangaro a karkace zuwa hagu, a ratsa wutsiyar layi na farko.

(3) A ja layi daga hagu zuwa dama yana ɗan hawa sama, a tsaya da shi a jikin layi na biyu. Sashen mace ya cika.

(4) A ɓangaren dama, a ja gajeren layi a kwance, a karyo shi ƙasa zuwa hagu, kamar lamba 7.

(5) Daga inda wannan ya ƙare, a sauko ƙasa da ɗan lanƙwasa, a ƙare da ƙugiya mai duban hagu.

(6) A ratsa tsakiya da layi a kwance daga hagu zuwa dama.

Mai karatu zai lura da layi na uku. In 女 yana tsaye shi kaɗai, wannan layi dogo ne a kwance, ya ratsa sauran biyun ya wuce. Amma a cikin 好 ya kan gajarce ya ɗaga, don ya bar wa maƙwabcinsa wuri. Haka sassa da yawa su ke yi in sun zauna a hagu: su kan tsuke.

4.2. Wannan jeri yana bin wasu ƙa'idodi da suka shafi dukan haruffa: sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, na kwance kafin na tsaye in sun gicciya, kamar a 十 ("goma"), mai gangarawa hagu kafin mai gangarawa dama, kamar a 人 ("mutum"), a harafi mai shinge kuma, kamar 国 ("ƙasa"), a ja shinge, a cika ciki, sa'an nan a rufe ƙofa.

Ɗalibi ya kan tambaya, in siffar ta fito daidai, ina ruwan wani da inda aka fara? Dalili uku ne. Na farko, jerin ne ke ba harafi daidaito a cikin murabba'insa, domin kowane layi yana auna wurinsa da wanda ya gabace shi. Na biyu, ƙirgar layuka ita ce hanyar ƙamus, kuma wanda bai san inda layi ya fara da inda ya ƙare ba zai yi kuskuren ƙirga. Na uku, in babba yana rubutu da sauri layukan su kan sarƙe da juna, sai a gane harafin ta hanyar da hannu ya bi. Wanda ya bi wata hanya dabam, rubutunsa na sauri ba zai karantu ba.

4.3. Kurakurai uku aka fi yi a wannan harafi. Na ɗaya, raba layi na farko gida biyu, sai ƙirga ta zama bakwai. Na biyu, fara 女 da layin kwance, alhali shi ne na ƙarshe. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne barin fili tsakanin sassan biyu. In 女 ya ci murabba'insa, 子 ya ci nasa, to an rubuta 女子 (nǚzǐ), wadda kalma ce dabam mai nufin "mace". Duk wanda ya taɓa gyaran rubutun Hausa ya san irin wannan ɓarna, domin ita ce ke tsakanin "kuma" da "ku ma", ko "koma" da "ko ma".

5. Sautinsa

5.1. Gaɓar hao ba ta da wuya ga Bahaushe. Tana kusa da "hau" ta hawan doki, sai dai h ɗin ya fi namu gurzuwa a maƙogwaro. Abin lura shi ne karin sauti. Daidaitaccen Sinanci yana da kari huɗu. Masanin harshe Chao Yuen Ren ya ƙirƙiro hanyar auna su da lambobi, daga 1 (ƙasa) zuwa 5 (sama):

Na ɗaya, 55, sama a miƙe: 妈 (mā), "uwa".
Na biyu, 35, mai hawa: 麻 (má), "rama".
Na uku, 214, mai nutsewa ya taso: 马 (mǎ), "doki".
Na huɗu, 51, mai faɗuwa: 骂 (mà), "zagi".

A nan mai jin Hausa ya fi mai jin Faransanci sa'a, domin kunnensa ya riga ya saba da rarrabe kalmomi da kari. Shi ne ke raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, da kuma "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. Kari na ɗaya yana kama da karinmu na sama. Na huɗu yana kama da mai faɗuwa na "kyau" da "mai" na girki. Na uku, a tsakiyar magana, ya kan tsaya a ƙasa ne kawai, kamar karinmu na ƙasa. Na biyu ne baƙo, domin Hausa ba ta da kari mai hawa a gaɓa guda. Sai dai a kiyaye: alamar da ke kan mà a pinyin tana nufin faɗuwa, alhali a nazarin Hausa da ita mu ke nuna karin ƙasa.

5.2. Harafin 好 yana da karatu biyu. Da kari na uku, hǎo, yana nufin "mai kyau". Da kari na huɗu, hào, aikatau ne mai nufin "so" ko "sha'awar abu". Siffar harafin ba ta canzawa ko kaɗan, kuma babu wata alama a jikinsa da ke nuna wanne a ke nufi. Kalmomin da ke kewaye da shi ne ke faɗa wa mai karatu, daidai yadda mu ke gane wace "kuka" ce a rubutun boko, wanda shi ma ba ya nuna kari.

5.3. Akwai kuma ƙa'ida ɗaya da ba a rubutawa: in kari na uku ya bi wani na uku, na farkon ya kan koma na biyu. Saboda haka ana rubuta nǐ hǎo amma ana faɗin ní hǎo. Ana rubuta 很好 (hěn hǎo, "da kyau ƙwarai") ana faɗin hén hǎo.

Tun da harafin bai ɗaure da sauti guda ba, masu harsuna dabam suna karanta shi da bakinsu. Mutumin Kanton ya kan ce hou. A Japan kuwa yana cikin kalmar 好き (suki), "so", wadda ta bi ma'ana ta biyu.

6. Aikinsa cikin jimla

6.1. A matsayin sifa yana zuwa kafin suna: 好人 (hǎo rén), "mutumin kirki". In an zo bayyana halin wani, ba a sa 是 (shì), kalmar da ke aikin "ne" da "ce". Ana cewa 他很好 (tā hěn hǎo), "yana lafiya" ko "yana da kirki". Ɗalibin da ya sa 是 a nan ya ɗauko ginin Faransanci ne ya kai Sinanci. Korewa kuwa da 不 a ke yin ta: 不好 (bù hǎo), "ba kyau".

6.2. In ya gabaci aikatau, ya kan ba da ma'anar daɗi ko sauƙi, kuma a nan ginin ya yi kusa da na Hausa ƙwarai:

好吃 (hǎochī), mai daɗin ci
好看 (hǎokàn), mai kyan gani
好听 (hǎotīng), mai daɗin ji
好用 (hǎoyòng), mai sauƙin aiki da shi

6.3. In ya biyo bayan aikatau, yana nuna aiki ya kammala yadda a ke so: 饭做好了 (fàn zuò hǎo le), "an gama abinci".

6.4. Yana kuma ƙarfafa magana: 好多 (hǎoduō), "da yawa ƙwarai", 好久不见 (hǎojiǔ bú jiàn), "an daɗe ba a ga juna ba", watau "kwana biyu!" ta Sinawa.

6.5. Shi kaɗai, amsa ce ta yarda, kamar "to" ta Hausa. Mai neman yardar wani ya kan rufe maganarsa da 好不好 (hǎo bu hǎo), watau "da kyau ko ba kyau?". A gaisuwa kuma, babba ko baƙo mai daraja 您好 (nín hǎo) a ke ce masa, kamar yadda mu ke kiran dattijo da "ku".

6.6. Da kari na huɗu kuwa muna da 爱好 (àihào), "abin sha'awa". 好奇 (hàoqí), "son sanin baƙon abu". 好客 (hàokè), "son baƙi".

7. Hanyar koyo

A makarantun Sin yaro ba ya kwaikwayar harafi da ido kawai. Ya kan fara da rubutu a iska da yatsa, yana kiran sunan kowane layi da ƙarfi tare da sauran aji. Sa'an nan ya bi sawun harafin da aka buga da jar tawada, kana ya rubuta nasa a murabba'i, jere bayan jere. Daga baya malami ya yi shifta, kuma shiftar ta kalmomi ce, ba ta haruffa tsirara ba. Wanda ya yi karatun allo ya san wannan hanya, inda hannu da baki da kunne ke aiki tare. Bisa tsarin karatun ƙasar, yaron da ya gama shekara shida ta firamare ana so ya gane haruffa wajen 3,000, ya kuma iya rubuta 2,500.

Kwamfuta da wayar hannu sun sauƙaƙa wani abu, sun kuma kawo wata matsala. Mai rubutu ya kan buga hao da haruffan boko, sai na'ura ta jero masa 好 da 号 da 毫 da 耗 da sauran masu wannan gaɓa, ya zaɓa. Wannan yana bukatar ganewa, ba ya bukatar rubutawa. Su kansu Sinawa suna kokawa da abin da su ke kira 提笔忘字 (tí bǐ wàng zì), watau a ɗauki alƙalami a mance harafi. Saboda haka mai koyo kada ya yar da alƙalami, aƙalla a haruffan farko, domin a cikinsu ne sassan da za su riƙa dawowa su ke.

Ribar wannan wahala tana zuwa da wuri. Wanda ya iya 好 ya riga ya iya rabin 妈 ("uwa") da 姐 (jiě, "yaya mace") da 妹 (mèi, "ƙanwa") da 她 (tā, "ita"). Ya kuma iya 子 na cikin 孩 (hái, "yaro") da 学 (xué, "koyo"), har da 字 (zì), kalmar "harafi" ita kanta, wadda ɗa ne a ƙarƙashin rufin ɗaki. Dubban haruffan nan da ƴan ɗaruruwan sassa aka gina su, sassan kuma da layuka iri kaɗan.

8. Kammalawa

Mun ga cewa 好 gini ne mai sassa biyu da layi shida masu jeri tsayayye, yana da karatu biyu da kari ya raba, yana kuma da ayyuka dabam-dabam gwargwadon wurin da ya zauna a jimla. Mun ga kuma wurare uku da mai jin Hausa ya ke da abin dogara daga harshensa: kunnen da ya saba da kari, da sabon karanta rubutun da ba ya nuna kari, da ginin kalmomi irin su "daɗin ci" da "kyan gani".

Za mu rufe da misali ɗaya wanda mai karatu zai iya gwada kansa da shi. Haruffan nan biyu, 好学, in an karanta su hǎo xué suna nufin "mai sauƙin koyo", kuma da darasi a ke faɗin haka. In an karanta su hào xué suna nufin "mai son koyo", kuma da ɗalibi a ke faɗin haka. Wanda ya iya rubuta su bisa jeri, ya faɗe su da karin da ya dace, ya kuma san inda kowanne ke shiga, shi ne za a ce ya san harafin 好.